Manhajar Rabon Ruwa da Karar da Muka Yi wa Juna

Ticha muke ce masa, ni da duk wanda ya san shi daga Kura har Bunkure, saboda lissafi yake koyarwa a wata sakandare ta wajen Bunkure. Mutumin tsakiyar ƙasar nan ne, daga can cikin duwatsu, Kirista, dogo, mai dariyar da ake jiyowa daga tsallaken titi. Bautar ƙasa ta kawo shi, wuri ya karɓe shi, ya je gida ya yi aure ya dawo da matarsa. Ni kuwa a shekarun nan ina da ɗan shago a bakin titin Kura, da kwamfuta ɗaya da firinta da wani janareto mai yawan tari. Katin biki da takardun neman aiki nake buga wa mutane. Na yi karatun kwamfuta a birni, na dawo gida da ilimin rubuta manhaja, amma ko mutum ɗaya bai taɓa tambayata shi ba.

Ranar da muka fara haɗuwa, ya zo buga tambayoyin jarrabawa ne. Ya tarar ina ta rubuce-rubucena na rage zafi, ya leƙo ta saman kafaɗata ba tare da an gayyace shi ba, ya tsaya yana karantawa. Can sai na ji ya ce:

“Faskal? Malam, a wannan zamanin?”

Na waiwayo a fusace, amma a cikin raina wani daɗi ne ya rufe ni. Mutum ya gane abin da nake rubutawa, a Kura! Ko zagina ya yi a wannan rana, da na sa an kawo masa lemo. Kuma na sa an kawo.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai san sana'ar ba. Kwamfuta ba ta jin maganar mutane. Akwai yaruka da aka ƙirƙira don rubuta mata umarni, kowanne da tafintansa da ake kira kwamfaila, wadda ke juya abin da ka rubuta zuwa lambobin da injin yake ganewa. Ni yaren Faskal na iya, shi kuma Ticha yaren da ake kira Si, harafi ɗaya tak, ya riƙa kamar addini. Kwamfailar Faskal mai tsanani ce. In ka yi kuskure kaɗan sai ta tsaya ƙememe ta ce ba ta wucewa sai ka gyara, shi ya sa nake son ta, don ta sha rufa mini asiri. Ga shi kuma da ita nakan zana fuskar manhaja mai kyau da maɓallai a yini ɗaya. Ta Si kuwa ba ruwanta, duk abin da ka ce to kawai take cewa, ko da rami ka nufa. Amma abin da ta fitar yana da sauri da rashin nauyi, kuma a tsofaffin kwamfutocinmu na gwanjo wannan ba ƙaramin abu ba ne.

“Yarenka na matsorata ne,” in ji Ticha. “Komai sai an riƙe maka hannu.”

“Naka kuma na marasa mafaɗi ne,” nakan ce masa.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Duk yamma in ya tashi daga makaranta sai ya hawo babur ɗinsa ya zo, mu sayi tsire ko gurasa, mu buɗe musu daga inda muka tsaya jiya. Masu injin casar shinkafa da ke maƙwabtaka da ni sun sha leƙowa don su raba faɗa, su tarar muna cin abinci a faranti ɗaya. Inna, mahaifiyata, ta ɗauke shi ɗa. In ta tuƙa tuwo da miyar kuka sai ta ce a ajiye na Ticha, shi kuma ya durƙusa a zaure ya ce, “Mama, Allah ya ƙara lafiya,” da wata Hausarsa mai lanƙwasa da take ba ta dariya.

To, a yankinmu duk wanda ya san noman rani ya san rigimar ruwa. Ruwa yana biyo babban kanal, ya shiga ƙanana, a riƙa buɗe ƙofofi ana ba gonaki bi da bi. Waɗanda gonakinsu suke kusa da baki sukan sha su ƙoshi, na can wutsiya kuwa sai tumatir ɗinsu ya fara sunkuyar da kai kafin ruwa ya iso. Kowace shekara dattawan ƙungiyar manoma sukan zauna su raba kwanaki da ka, kowace shekara kuma sai an yi rantse-rantse. Ticha ne ya fara cewa wannan ai lissafi ne. In aka san girman kowace gona, da abin da aka shuka, da nisanta daga baki, kwamfuta za ta iya fitar da rabon da ba ta san ɗan'uwan kowa ba. Muka je muka sami Alhaji, shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai sanyin hali. Ya saurare mu, ya ce in muka nuna wa dattawa abin yana aiki kafin a saki ruwan bana, ƙungiya za ta ɗauke mu mu riƙa yi mata rabon, kuma ya san sauran ƙungiyoyin yankin za su biyo.

Ga Ticha wannan magana ta wuce son gwaninta. Wata kwaleji a can garinsu ta yi masa tayin aiki, kuma suna jiran amsa. Madam, matarsa, tana son komawa kusa da iyayenta, ba kuwa wanda zai ga laifinta, don koyarwar sakandare ba ta riƙe gida mai yara. Shi ba ya son tafiya. Sai suka yi yarjejeniya shi da ita: in dattawa suka karɓi manhajar, sun zauna, in kuwa ba su karɓa ba, su ɗaure kaya. Da bakinsa ya gaya mini haka, yana wasa da makullin babur, bai kalle ni ba. Na ce masa ai kamar an karɓa ne. Da ya tafi na daɗe zaune ban iya buga komai ba, don ban san yadda Kura za ta zame mini ba in babu wanda zai zagi Faskal.

Da wane yare za a rubuta? Nan aka yi ta bugawa. A ƙarshe muka raba aiki, kowa ya tsira da mutuncinsa. Shi zai rubuta lissafin da Si, don a sami sauri. Ni zan zana fuskar da Faskal, taswirar gonaki da kanal, yadda manomi zai ga gonarsa ya nuna ta da yatsa. In an danna maɓalli, ɓangarena zai kira nasa, ya miƙa masa lambobin gona, nasa ya yi lissafi ya maido amsa. Shi yana aiki a kwamfutarsa a gidan malamai na Bunkure, ni a shago, muna kai wa juna a filasha, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta.

Da muka haɗa ɓangarorin biyu muka gwada da gonaki kaɗan, abin ya yi kyau har muka tafa. Launin shuɗi ya riƙa shiga gona bayan gona a fuskar kwamfuta. Da muka zuba masa gonakin kanal gaba ɗaya kuwa, sai ya yi tafiya ya kai tsakiya, ya daskare, ya mutu. Muka sake, ya sake mutuwa. Bai taɓa kai ruwa wutsiya ba, kamar shi ma ya san halin ƙasar.

Akwai wani kayan aiki da ake kira dibaga, wadda ke ba ka damar bin manhaja layi-layi tana aiki, ka ga inda ta yi tuntuɓe. Na buɗe tawa na bi sawun lambobin. Tana tafiya lafiya a cikin rubutuna, amma da ta zo inda ake shiga ɓangaren Ticha sai ta tsaya kamar baƙon namiji a zaure. In na matsa mata ta shiga, sai ta zubo mini tsurar lambobi marasa suna, don alamomin da kwamfailarsa take barin wa dibaga ba irin waɗanda tawa take karantawa ba ne. Muka ɗauki aikin muka kai Bunkure, tasa dibagar ta yi mana irin haka ta ɗaya gefen. Tana ganin gidansa ɗaki-ɗaki, nawa kuwa duhu ne a wajenta. Kowannenmu yana da shaidar cewa nasa lafiya lau yake. Ni dai na rantse ramin yana cikin Si, don an san halinta. Shi kuma ya ce Faskal ce ta ga aikin maza ta firgita.

Da dibagogin suka gaza, sai muka koma hanyar mutanen da. Muka sa kowane ɓangare ya riƙa rubuta abin da ya gani kafin kira da bayan kira, muka zauna muna kwatantawa, ana ɗauke wuta muna tayar da janareto. A ranar Alhamis, saura kwana biyu mu tsaya gaban dattawa, muka gano shi. Ashe duk lokacin da ɓangarena ya kira nasa, yakan jera lambobin a wani ɗan matsattsen wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar a jera kwanuka a tabarma. In an gama dole wani ya kwashe su. A al'adar Si, wanda ya kawo shi ke kwashewa. Ni kuma na rubuta wa Faskal cewa wanda aka kai wa shi zai kwashe. Saboda haka ba mai kwashewa. Kowace gona tana barin nata kwanukan, har wuri ya cika, manhaja ta rasa inda za ta taka.

Gyaran kalma ɗaya ce. Ko dai ni in canja kalma a nawa in ce zan kwashe, ko shi ya ƙara kalma a nasa ya ce zai kwashe. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Amma gajiya da tsoro sun taru a kanmu, sai muka juye su a kan juna.

“Duk duniya mai kira ne ke sharewa,” ya ce. “Ka gyara naka.”

“Duk duniyar ina? Ita kanta kwamfutar da kake taƙama da ita, tsarina take bi. Kai dai ba ka saba gyara wurin da ka ɓata ba, kai da yarenka.”

Wannan magana ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa. Ya miƙe ya zare filasharsa, ya ce sai Asabar. Ko tsiren da muka saya bai taɓa ba.

Da na shiga gida Inna ta tambaye ni ina Ticha, ga tuwonsa. Na ce ya wuce. Ta dube ni irin duban da take yi mini tun ina yaro in na fasa wani abu, ta ce Madam ta aiko ɗazu tana tambayar ko muna da tsofaffin buhunan shinkafa da ba ma amfani da su. Ni ma na san abin da ake yi da tsofaffin buhuna.

Da safiyar Juma'a na buɗe shago, na nemi layin, na canja kalmar. Na gwada da ɓangarensa da ke wajena. Shuɗi ya taso daga baki, ya ratsa tsakiya, ya gangara har gona ta ƙarshe a wutsiya. Na sake gwadawa, ya sake kaiwa. Na yi hamdala, na tafi masallaci da farin ciki. Ban gaya masa ba. A tarbiyyar da aka yi mana, in ka yi wa mutum kara ba ka bin sa da shela, don in ka faɗa ta zama gori. Na ce bari kawai ya ga abin yana aiki, ya ɗauka ko me ya ga dama.

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu a wani aji na firamare inda dattawa za su zauna. An riga an kai kwamfutata da janareto a amalanke. Ticha ya iso da fara'arsa kamar ba a yi komai ba, ya sa rigar shadda da Inna ta ɗinka masa da sallah. Ya miƙo mini filasha ya ce in sa wannan, ya ɗan taɓa lissafin gonakin wutsiya. Ya saba kawo sabon kwafi kusan kullum, don haka ban kawo komai a raina ba. Na kwafa na ɗora a kan tsohon. Na so in gwada, amma janareto ya ƙi tashi sai da dattawa suka gama zama a kan bencinan yara, gwiwoyinsu a sama.

Na yi bayani, Ticha ya yi nasa. Taswira ta fito, mutane suka matso, wani ya ce ga gonarsa can, wani ya ce an rage masa kusurwa. Alhaji ya ce to bismilla. Na dubi Ticha ina murmushi, shi ma yana yi mini wani murmushi da ban gane ba. Na danna.

Ko gona ɗaya ba ta sha ba. Manhajar ta ɓace ɗif, kamar an hure fitila. Na sake buɗewa na danna, ta sake ɓacewa. A da ai takan kai tsakiya kafin ta mutu. Zufa ta keto mini har ta jiƙa hular kaina. Ticha ya karɓi kujera ya gwada. Muka yi tsuru-tsuru a gaban iyayenmu.

Alhaji mutumin kirki ne. Ya bar mu muka yi ta fama har ya ga abin ya zama azaba, sannan ya yi gyaran murya ya ce:

“Allah ya yi muku albarka, kun yi ƙoƙari. Amma ruwa ba ya jira, kuma tunda ga mu a zaune, bari mu raba yadda muka saba. In Allah ya kai mu baɗi ma duba.”

Suka juya bencina suka fara rabonsu da musunsu. Mu kuma muka naɗe wayoyi. Na ɗauka sabon lissafinsa ne ya kashe mu, kuma na ƙudurta ba zan taɓa faɗa masa ba.

Ran Lahadi da la'asar, bayan na tabbata sun dawo daga coci, na ɗaure kwamfuta a bayan acaɓa na tafi Bunkure. Na tarar da buhuna a tsakar gida, Madam tana jera tukwane a ciki. Ta gaishe ni idonta a ƙasa, ta kawo mini ruwa. Ticha ya ce ya riga ya buga wa mutanen kwalejin waya ya ce yana zuwa. Na ce mu koma wajen Alhaji, ya girgiza kai. An riga an raba ruwa, kuma ya yi wa matarsa alkawari.

“Amma ba zan bar garin nan ban san abin da ya kashe ta ba,” ya ce. “Wallahi Malam, ran Juma'a ta yi aiki a nan. Sau nawa na gwada.”

Na ce, “Ta yi aiki a ina?”

“A nan, da naka tsohon kwafi.” Ya sosa ƙeya. “Na sa kalmar. Na ce nawa zai kwashe. Garinku ne, gaban iyayenka ne, ban so a ce komai ya fito daga wajenka. Da sai an gama in gaya maka.”

Na zauna a kan wani buhu. Na ce masa ni ma na canja tawa, ran Juma'a da safe.

Ya dube ni, na dube shi. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. A da ba mai kwashewa. Yanzu nasa yana kwashewa, nawa kuma ya zo ya sake kwashewa, ya haɗa har da abin da manhajar take tsaye a kai. Shi ya sa ko taku ɗaya ba ta yi. Shekaru muna musu ba wanda ya taɓa sakar wa wani, sai a rana ɗaya muka saki tare, kowa a ɓoye. Ticha ya fara dariyar nan tasa, ya yi ta yi har ya dafa bango. Ni ma na kama, muka yi ta yi har Madam ta leƙo. Ban san lokacin da tawa ta koma hawaye ba, na dai juya ina gyaran hula.

Muka kunna kwamfuta. Sai ga wata sabuwar rigima, don yanzu dole ɗayanmu ya koma kan bakansa na ranar Alhamis, wato ya yarda shi ya ci musun. Na ce ya goge tasa kalmar, tsarinsa ne daidai, duk duniya haka ake yi. Ya ce a'a, in goge tawa, ai ni na yi gaskiya. Na rantse, ya rantse. Na ce ni ne na faɗi baƙar magana, ya bar ni in biya. Ya ɗora hannunsa a kan nawa don kada in taɓa komai.

“Malam, ka saurara,” ya ce a hankali. “Ni ne mai tafiya, kai za ka zauna da ita. Ka bar nawa ya riƙa share wurinsa da kansa. Ba na son in tafi in bar ka kana kwashe mini kaya.”

Na nemi layin na mayar da kalmata yadda take a da. Haka na ci musun da na fi kowane son in ci, kuma ban taɓa cin wani abu mai ɗaci irinsa ba. Na danna maɓallin. Shuɗi ya taso daga baki, ya wuce tsakiya, ya yi ta gangarawa gona bayan gona, mu biyu kaɗai muna kallo, har ya cika ta ƙarshe a wutsiya. Daga cikin ɗaki Madam ta ɗaga murya tana tambayar inda ya ajiye igiyar ɗaure katifa, ya amsa mata ya ce yana zuwa, amma bai tashi ba.